Shin ya dace gwamnati ta biya kuɗin koya wa sababbin ɗalibai dabarun zaman duniya?

Maman 'Yan Hostal ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, kuma ina son waɗanda suka san kan abin su warware mini, don gardama ta ƙi ƙarewa tsakanina da abokan aikina.

Aikina kula da ɗakunan kwanan ɗalibai mata ne a wata kwaleji. Na daɗe a kai, har wasu da na karɓa suna 'yan aji ɗaya yanzu su ke kawo mini ƙannensu. An saka ni cikin kwamitin da zai rubuta wa gwamnati takardar neman tallafi, domin a buɗe wa sababbin ɗalibai kwas na dabarun zaman duniya: riƙon kuɗi, tsara lokaci, kula da lafiya, zama da mutane, da sanin ofishin da mutum zai nufa idan matsala ta taso. Ni aka ce in kawo misalai, tunda ni ke kwana da su.

Misalai kam ba su yi mini wuya ba. Yarinya ta zo da sakamako mai kyau daga sakandare, amma kuɗin da aka ba ta na zango guda ya ƙare tun ba a yi gwajin farko ba. Ta ci bashi a wata manhajar waya ba tare da ta karanta sharuɗɗan ba, kuɗin ruwa ya yi ta hawa, masu bashin suka fara tura wa 'yan'uwanta saƙon cin mutunci. Wata ta ba ƙawarta lambar sirrin katinta don kunyar ta ce a'a. Wata tana zuwa lakca ba fashi, ba ta san rajistar kwas biyu ba ta shiga ba, sai ranar jarrabawa ta duba babu sunanta. Akwai wadda ba ta iya barci, kullum cikin dare sai kuka, kuma ba ta taɓa jin cewa kwalejin tana da ofishin ba da shawara ba, alhali ta gabansa take wucewa kowace safiya. Takardar neman uzuri kuwa, idan kuka ga yadda suke rubuta wa shugaban sashe, sai ku rantse saƙon WhatsApp ne ga ƙawa.

Waɗannan yara ba daƙiƙai ba ne. Da yawansu su ne na farko a gidansu da suka taka babbar makaranta, babu yaya ko yayar da za ta ja su gefe ta ce ga yadda ake yi. Wasu kuma suna tafiya gida bayan zangon farko, ba sa dawowa, a rubuta cewa sun kasa karatu.

To a kwamitin namu akwai wanda ya ce wannan aikin iyaye ne, gwamnati ba uwa ba ce. Akwai wanda ya ce ai muna yin makon maraba da sababbin ɗalibai, ya wadatar. Ni dai zuciyata tana wajen a yi, amma ba na son mu nemi kuɗin jama'a a kan abin da ba ya aiki. Shin akwai inda aka gwada aka ga amfaninsa? In za a yi, wane tsari ya kamata mu nema?

Dattijo Mai Ritaya ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar 'ya'yan mutane. Amma ni ina tare da mutumin da ya ce aikin iyaye ne, ko da yake ba don dalilinsa kaɗai ba.

Na koyar a sakandare har na ajiye alli. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya kai shekara 18 bai san cewa bashi ana biyansa ba, lakcar awa biyu a mako ba za ta sauya shi ba. In gwamnati tana da kuɗin wannan, ta kai shi ƙasa, inda kowa zai samu, har da mafi yawan yaran da ba za su taɓa shiga kwaleji ba. Ingila ta saka ilimin riƙon kuɗi cikin manhajar sakandarenta a 2014. Afirka ta Kudu tana da darasin sanin makamar rayuwa wanda dole ne kowane ɗalibi ya yi har ajin ƙarshe na sakandare. Nan ne wurinsa.

Na biyu, aljihun gwamnati ɗaya ne. Abin da aka zuba a nan, daga wani wuri aka cire shi: ɗakin gwaje-gwaje, littattafai, albashin malamai. Na uku, kuma kin fi ni sani, irin wannan kuɗi yakan ƙare a riguna masu tambari, da jakunkuna, da alawus ɗin babban baƙo mai jawabi. A tara yara dubu a zaure guda, lasifika tana ƙara, na baya suna danna waya. A ƙarshen shekara a rubuta rahoto cewa an horar da ɗalibai dubu.

Malamin Aji Ɗaya ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta uku gaskiya ce tsantsa, kuma ita ce ma dalilin da zai sa Hajiya ta kula da yadda za ta rubuta takardar. Amma ta farko ban yarda da ita duka ba. Ni ina koyar da irin wannan kwas ɗin, bari in faɗi abin da na sani.

Abin ba sabo ba ne. Wanda aka fi kafa misali da shi shi ne na Jami'ar Karolina ta Kudu a Amurka, wani kwas mai suna University 101, da aka fara a 1972. Asalinsa ma tarzoma ce: a watan Mayun 1970 ɗalibai suka yi bore, shugaban jami'ar na lokacin, Thomas Jones, ya ga cewa akwai rata babba tsakanin ɗalibai da makarantar, sai ya nemi a ƙirƙiro kwas da zai haɗa sabon ɗalibi da malami a ƙaramin aji. John Gardner ya karɓi ragamarsa a 1974, ya riƙe shi shekaru masu yawa, daga nan tsarin ya bazu zuwa ɗaruruwan makarantu. Ku lura da siffarsa: zango guda cur ake yi, yana da maki kamar kowane kwas, kuma ajin bai cika wuce mutum 20 ba. Wannan daban, makon maraba daban.

Game da abin da ake koyarwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da jera dabaru goma tun shekarun 1990, irin su yanke shawara, warware matsala, iya magana da mutane, sanin kai, da jure damuwa. Jerin yana da kyau a takarda. A aji kuwa ni ba na cewa "yau za mu koyi yanke shawara". Ina kawo musu takardar sharuɗɗan bashi ta gaske, in ce kowa ya lissafa nawa zai biya bayan wata shida. Ina sa kowa ya tafi ofishin rajista ya dawo mini da shaidar cewa kwasa-kwasansa sun shiga. Ina sa su rubuta wa malami wasiƙa, mu gyara a allo tare. Mako guda kuma mu tashi gaba ɗaya mu je asibitin makaranta da ofishin ba da shawara, su ga fuskar mutanen, su san ƙofar. Wanda ya taɓa shiga ofishi cikin ayari, ranar da ya shiga uku zai fi iya komawa shi kaɗai.

Yanzu ga inda ya kamata a yi hattara, don Hajiya ta ce ba ta son neman kuɗi a kan abin da ba ya aiki. Makarantu da yawa suna cewa ɗaliban da suka ɗauki kwas ɗin sun fi zarcewa aji biyu. Matsalar ita ce, inda kwas ɗin na ganin dama ne, masu himma ne ke zaɓarsa, waɗanda dama za su zarce ko babu shi. Hanyar gane gaskiya ita ce a raba ɗalibai ta hanyar ƙuri'a, wasu su shiga wasu kada su shiga, sannan a kwatanta. Cibiyar bincike ta MDRC ta yi haka a kwalejin fasaha ta Guilford da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ta fitar da rahoto a 2012. Abin da aka gani: kwas ɗin ya taimaka wa halayyar wasu ɗalibai, kamar iya tafiyar da kansu, amma a dunƙule bai ɗaga sakamakon karatunsu ba.

Ita dai wannan cibiya ta gwada wani shiri na Jami'ar Birnin New York mai suna ASAP, wanda aka fara a 2007 da kuɗin gwamnatin birnin. A nan sakamakon ya bambanta ƙwarai: cikin shekara 3, kashi 40 cikin 100 na waɗanda ke cikin shirin sun kammala, waɗanda ba sa ciki kuwa kashi 22. Amma me ke cikin shirin? Akwai ajin sababbin ɗalibai, e, sai dai ɗan yanki ne. An cike musu gibin kuɗin makaranta, an ba su littattafai, an ba su katin shiga jirgin ƙasa da bas kyauta, an kuma ba kowa mai ba da shawara da dole ya riƙa ganinsa sau biyu a wata. Kowane mai ba da shawara ɗalibai 60 zuwa 80 yake riƙewa, maimakon ɗaruruwa. Da aka kwaikwayi tsarin a wasu kwalejoji uku na jihar Ohio, nan ma yawan masu kammalawa ya kusa ninkawa.

Saboda haka Hajiya, in da ni ne ke rubuta takardar, ba zan nemi kuɗin lakca kaɗai ba. Zan nemi kuɗin mutum: wanda zai san sunan yarinyar nan mai kukan dare, ya lura idan ta yi mako biyu ba ta zo aji ba, ya kira ta. Kwas ɗin amfaninsa shi ne ya zama hanyar da ɗalibi zai saba da wannan mutumin.

Baba kuma, batun a koyar a sakandare, a yi, ba na ja. Amma ɗan shekara 14 da ke kwana gaban iyayensa, ba ya riƙe kuɗin wata, ba ya sa hannu a kan yarjejeniyar haya, darasin ba shi da inda zai maƙale. Akwai wani babban nazari da masana uku, Fernandes da Lynch da Netemeyer, suka fitar a 2014, inda suka tattara bincike masu yawa kan koyar da riƙon kuɗi. Sun ga tasirinsa a kan halayya kaɗan ne, kuma yana dusashewa da tafiyar watanni, shi ya sa suka ba da shawarar a koyar dab da lokacin da mutum zai yanke shawarar. Wasu nazarce-nazarce na baya sun samu tasiri fiye da haka, amma batun lokaci bai faɗi ba. Zangon farko na kwaleji shi ne karon farko da yawancin yaran nan ke riƙe kuɗinsu da lokacinsu a hannunsu.

Ɗalibar Aji Biyu ta amsa:

Mama, ina yini. Ku yi haƙuri in sa baki cikin maganar manya, amma bara na yi irin wannan kwas ɗin, kuma gaskiya rabinsa ɓata lokaci ne.

A makon farko aka yi mana bayanin yadda ake shirin jarrabawa. Lokacin ko ajinmu ba mu gama ganewa ba, wa ke tunanin jarrabawa? Da jarrabawar ta matso kuma, kowa ya rikice, sai ga shi ana koya mana tarihin makarantar da sunayen shugabanninta na da. Sannan aka ba mu ɗan littafi muka haddace, aka yi mana tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu. Na samu maki mai kyau a babin tsara lokaci, alhali daren jarrabawar na fara buɗe littafin.

Abin da ya amfane ni guda biyu ne. Wata 'yar ajin ƙarshe da aka haɗa mu da ita, mu goma sha wani abu, ita ta nuna mini yadda ake sauke kwas kafin wa'adi ya wuce idan ya yi wa mutum yawa, ita kuma ta raka ƙawata wajen likita. Ba a biyanta ko sisi, kuma da nata karatun ya yi zafi sai ta ɓace, ban ga laifinta ba. Na biyu, ranar da aka sa muka rubuta duk abin da muka kashe cikin mako guda. Da na ga abin da data kaɗai ta ci, sai da na ajiye biro.

In za ku nemi kuɗi Mama, don Allah ku saka ɗan alawus na manyan ɗalibai masu jagorantar ƙanana. Akwai abin da ba zan taɓa iya tambayar lakcara ba, amma zan tambayi Yaya da ta girme ni da shekara uku. Kuma kada a sa ajin ƙarfe bakwai na safiyar Asabar, kamar horo.

Akanta ya amsa:

Hajiya, ni ta ɓangaren lissafi zan shigo, don a nan irin waɗannan shirye-shirye suke mutuwa.

Hujjar da za ki ba gwamnati ba ta tausayi ba ce. A duk makarantar da gwamnati ke tallafawa, ta riga ta kashe kuɗi a kan kowane ɗan aji ɗaya: kujerarsa, malaminsa, gadonsa, wani lokaci har da rancen karatu. Idan ya fice bayan shekara guda, wannan kuɗin ya tafi babu takardar shaida, in kuma rance ya ci, wanda bai kammala ba shi ya fi kasa biya. Don haka abin da za a auna shi ne nawa ake kashewa kafin a samu mai kammalawa guda. A shirin New York da Malam ya ambata, kuɗin da aka kashe a kan kowane ɗalibi ya ƙaru sosai, amma da aka raba da yawan waɗanda suka kammala, sai kowane digiri ya zo da rahusa. Wannan ita ce maganar da ma'aikatar kuɗi ke saurara.

Sai yadda kuɗin zai zo. Idan aka zuba shi cikin babban kason makaranta, ranar da aka yanke wuta ko albashi ya makara, shi za a fara taɓawa, kuma ba wanda zai ga laifin shugaban. Ku nemi a keɓe shi da sunansa. Afirka ta Kudu tana yin haka tun wajen 2004: ma'aikatar ilimi tana ba jami'o'i tallafi na musamman don shirin da ke ƙara wa ɗalibi shekara guda a digirinsa, a gina masa tushe, kuma kuɗin ba a karkatar da shi wani aiki. A Amurka ma gwamnatin tarayya tana da shirin tallafa wa ɗalibai 'ya'yan marasa ƙarfi da waɗanda iyayensu ba su yi jami'a ba, tun 1968, cikin shirye-shiryen da ake kira TRIO. Makarantu ke nema su yi takara, a ba su na shekara biyar, su kawo rahoton inda ɗalibansu suka kai.

Shekara biyar ɗin nan ki riƙe ta. Tallafin shekara guda ba ya ɗaukar ma'aikaci, sai dai ya sayi riguna, kamar yadda Baba ya faɗa. Ba mai barin aikinsa ya zo ya zama mai ba da shawara a kan kwantiragin wata goma sha biyu.

Ki kuma rubuta da hannunki abin da kuɗin ba zai saya ba: ba tufafi, ba liyafa, ba taron otal. Mai duba takardar zai ga kun san inda ake yoyo.

Dattijo Mai Ritaya ya sake amsawa:

Malam, na ji bayaninka, kuma na gode. Amma ka lura, abin da ka nuna ya yi aiki ba darasin ba ne, kuɗin mota ne da littafi da mutum mai bibiya. To a kira shi da sunansa mana. In Hajiya ta nemi a ɗauki masu ba da shawara, ni ma zan sa hannu. Abin da nake tsoro shi ne gwamnati ta zaɓi mai arhar, ta ba da kuɗin lakca, ta ce ta gama nata. Sannan har yanzu ba wanda ya gaya mini wa zai koyar. In lakcaran da aka ɗora wa kwas biyar za a ƙara wa na shida, 'yata ɗalibar nan ta riga ta faɗa mana abin da zai fito: ɗan littafi da hadda.

Maman 'Yan Hostal ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, tambayarka ta ƙarshe ita ta tsaya mini, don a kwamitin an riga an fara cewa a raba wa lakcarorin da ba su da aiki da yawa. Na san wasunsu, mutanen kirki ne, amma akwai wanda ɗaliba ba za ta iya gaya masa ta yi asarar kuɗin makarantarta ba ko da wuƙa a wuya.

'Yata, batun alawus ɗin manyan ɗalibai na rubuta shi, da batun jera darussa daidai da lokacin da ake buƙatarsu. Rajista da kuɗi a farko, lafiya da zaman ɗaki a tsakiya, jarrabawa idan ta matso.

Saura abu ɗaya. Kuɗin da muke sa ran samu ba zai ishi dukan 'yan aji ɗaya ba in har ajin zai zama na mutum 20. Shugaban kwamiti yana son a zaɓi masu raunin sakamako kawai. Ni kuma ina gudun a mai da shi ajin da ake nuna yara da baki. Malam, Akanta, me kuka gani?

Malamin Aji Ɗaya ya amsa:

Gudunki yana kan hanya, Hajiya. Da zarar an san ajin na masu rauni ne, waɗanda suka fi buƙatarsa su za su fara guje masa. Kuma misalanki ma sun nuna sakamakon sakandare ba ya nuna wadda za ta faɗa hannun masu bashi.

Tunda kujerun ba za su isa ba, ku buɗe wa kowa ya nema, sannan ku yi ƙuri'a a bainar jama'a. Ba wanda zai ce an yi son kai, kuma kun samu rukuni biyu da za ku kwatanta ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ku ajiye lissafin abu uku a kan kowane rukuni: nawa suka kammala rajista a kan lokaci, nawa suka ci kwasa-kwasan zangon farko, nawa suka dawo aji biyu. Ofishin rajista yana da alƙaluman nan dama, sai dai ku nemi izini a rubuce tun yanzu.

Masu koyarwa kuwa, kada a tilasta wa kowa. A nemi masu so, har da ma'aikatan da ba lakcarori ba, irin ma'aikatan ɗakin karatu da na asibiti da ku masu kula da hostal, a ba su horo na 'yan kwanaki kafin zango ya fara, a kuma rage wa lakcaran da ya karɓa wani kwas daga cikin nasa. Kuɗin horon da na wanda zai maye gurbinsa a wancan kwas ɗin, ki tabbata sun fito a kasafin a layinsu daban.